Ginshiƙin da Kwamfuta Ta Karya a Garwa

Tun da na dawo daga Garwa ban huta da tambaya ba. A shago a tambaye ni, a ƙofar masallaci a tare ni, a majalisarmu ta bakin titi kuwa har an fara yi mini gyara idan na tsallake wani wuri, wai ba haka na faɗa jiya ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, bakina ya huta.

Ni dai mai hoto ne a Kano, yawanci na biki da na suna. Abokina Nasiru mai sayar da kayan hoto shi ne ya sayo wasu kaya na gwaji, ya ce in jarraba su kafin ya yi odar da yawa. Kayan su ne wani kai mai juyawa da ake ɗaurawa a kan ƙafa uku, da madubin kyamara mai faɗin gani, sai manhajar kwamfuta. Za ka tsaya a wuri ɗaya ka yi ta ɗaukar hoto kana juyawa har ka dawo inda ka faro, ka ɗauki sama, ka ɗauki ƙasa. Manhajar kuma ta ɗinke su su zama hoto ɗaya na zagaye, wanda mai kallo zai riƙa juyawa a waya kamar shi ne tsaye a wurin. Na gwada a falona ya yi kyau, amma Nasiru ya ce falo ba gwaji ba ne, in nemi wuri mai wuya.

Ana cikin haka sai Yaya Umaru ya kira ni. Ɗan gwaggona ne, wadda aure ya kai Garwa ta ƙasar Kamaru tun ina yaro. Injiniyan gini ne, taubashina kuma, ba ma magana sai da tsiya. Amma ranar babu wasa a muryarsa. Ya ce yana gina wa ƙungiyar mahauta da dillalan shanu babbar rumfar sayar da nama, an gama ginshiƙai, saura rufi, ga damina ta kusa. Sai dai ba wanda zai ce a ɗora rufi in ban da dattijonsu, Alhaji Bawa, shi kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a gida. An kai masa hotunan waya, ya ture su. Ya ce mai hoto inda yake so yake nunawa, abin da ke bayansa fa? Ga wani dillali mai suna Alhaji Sali yana ta kai masa maganar cewa ginshiƙan a karkace suke.

"In ruwa ya sauka ba rufi, aikin ya lalace, sunana ya lalace tare da shi," in ji Yaya Umaru.

Na ce, "Yaya, ai ina da hoton da ba shi da baya."

Tafiyar Kano zuwa Yola ba sai na ba ku labari ba, wanda ya taɓa yi ya san yadda ƙugu yake ji. Na kwana a Jimeta, da safe na shiga motar Belel, garin da ke bakin iyaka. A motar ne Allah Ya haɗa ni da wata 'yar kasuwa, Hajiya Dudu, mai fataucin atamfa tsakanin ƙasashen biyu. Ta dubi doguwar jakar da na rungume ta ce, "Ɗana, kana jin Faransanci?" Na ce a'a. Ta ce, "Fillanci fa?" Na ce shi ma a'a. Ta girgiza kai ta ce, "To ka riƙe 'wi', ma'anarsa e. Amma ka san inda za ka ajiye shi."

Ban san inda zan ajiye shi ba kuwa. Da muka tsallaka ɓangaren Kamaru, wani jandarma ya duba takarduna, ya yi tambaya, na ce wi. Ya sake yi, na ce wi, ya yi murmushi. Na ji daɗi, na ce ashe Faransancin ba wuya. Sai ya zuge doguwar jakar, ya ga ƙarafa da kan nan mai juyawa, ya yi wata tambaya, na ce wi da ƙarfi. Nan take murmushin ya ɓace, ya kira abokin aikinsa. Hajiya Dudu da ke can tana ƙidayar dilolinta ta taho da sauri tana salati.

"Kai yaro, ka san abin da ka amsa? Cewa ya yi wannan abin mai tashi sama ne yana leƙen asiri, ka ce masa e!"

Ita ta yi musu bayani, ni kuma na kafa ƙafa ukun a ƙasa, na nuna musu babu fiffike babu inji. Na buɗe musu hoton falona a waya, jandarman ya yi ta juya shi har ya gano kwanon tuwon da na manta a bayan kujera, ya fashe da dariya. Suka sallame ni da fatan alheri. Daga nan har Garwa ban sake cewa wi ba.

Daga iyaka zuwa Gashiga a kan babur na yi wani yanki na hanyar, jakar kayan a bayana tana ta bugun ƙashin bayana. Da la'asar muka shiga Garwa. Ina tsammanin mu Kanawa mun san zafi, ashe ƙanensa muka sani. Iskar garin kamar daga bakin tanda take fitowa, ga babura kamar ƙudan zuma.

Gwaggo ta tarbe ni da kuka da dariya a haɗe. Sunan mahaifinta gare ni, don haka Babana take ce mini. Hausarta tana nan, amma ta sha gauraye. "Babana, ka sha dilo mai sanyi tukuna, yara sun tafi lekol, Umaru yana shantiye." Sai da na yi tambaya na gane ruwa take nufi, da makaranta, da wurin gini. Abin da na lura da shi ke nan a garin: Fillanci ne harshen titi, Faransanci na ofis, Hausa kuwa sai ka shiga cikin mahauta da 'yan kasuwa, a nan za ka ji ta raɗau. Mutum ɗaya zai fara magana da wannan ya ƙare da wancan, bai ma san ya yi ba. Gaisuwarsu kuma ba ta gaggawa, "Jam na?" a ce "Jam," a yi ta bi har kan awaki.

Abinci kuwa na ci na gode Allah. Da safe burodi ne dogo kamar sandar makiyayi, mai tauri a baya, ranar farko sai da ya yanke mini dasashi. Da rana tuwon masara da miyar yakuwa, su suna ce mata folere. Da yamma gasasshen kifi, ragon ruwa daga kogin Binuwai, da barkono wanda ke sa mutum ya tuna zunubansa. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne da azahar gari yakan yi tsit, a rufe shaguna da yawa a tafi hutu. Na ce wa Gwaggo a Kantin Kwari wanda ya rufe shago da rana tsaka sai a je gida a tambayi ko lafiya. Ta ce, "Ku ai ba ku da ranarmu."

Washegari Yaya Umaru ya kai ni shantiye, a gefen gari. Fili ne babba, ginshiƙan siminti jere reras kamar sahun salla, ga katakan dafa gini, ga magina da leburori suna ta kai da kawo. Na ga wuri mai wuyar da Nasiru yake nema. Na kafa kayana a tsakiya da hantsi, mutane suka kewaye ni. Na yi ta ɗauka ina juyawa, ina ji da kaina. Na zauna a inuwar wata motar yashi na zuba hotunan a kwamfuta, na ce wa manhajar bismilla.

Da ta gama, sai ga abin kunya. Wani lebura ya fito sau uku da kwanon siminti a ka. Wani magini gangar jikinsa tana nan, kansa yana can gefe a iska. Waɗannan duk abin dariya ne, an kuwa yi dariyar. Amma babban ginshiƙin tsakiya, wanda zai ɗauki nauyin rufin, ya fito a karye gida biyu, na sama ya goce daga na ƙasa kamar an sare shi da gatari. Na ɗaga kai na dubi ginshiƙin gaskiya, yana tsaye ƙyam. Na mai da ido kwamfuta, a karye.

Kafin in rufe, wani daga cikin 'yan kallo ya riga ya ɗauki fuskar kwamfutar da wayarsa. Kafin la'asar hoton ya zagaye wayoyin 'yan ƙungiya. Alhaji Sali ya iso a kan babur, babbar rigarsa tana kaɗawa, wayar a hannu.

"Injiniya, ni na faɗa aka ce ƙiyayya ce. To ga na'urar da ka ɗauko tun daga Najeriya, ita ma ƙiyayyar take yi maka?"

Yaya Umaru ya ce, "Alhaji, ga ginshiƙin nan a gabanka, ka dube shi."

"Ido ai ana rufe shi da shafen siminti. Na'ura kuwa cikin abu take gani." Ya juya ya tafi, ya ce gidan Alhaji Bawa ya nufa.

A hanyar gida Yaya Umaru ya kafa wa titi ido, ko tsiyar da ya saba bai yi mini ba. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da muka isa ƙofar gida ya kashe mota ya ce, "Na kira ka ka kashe wuta, ka zo da fetur." Gwaggo ta kawo abinci, ba wanda ya taɓa. Can da yamma aka aiko daga gidan dattijon: jibi bayan sallar Juma'a zai tara manyan ƙungiya, a yanke shawara ko a kawo wani injiniya.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baje kayan, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan na gano ta'asar da babur ɗin Gashiga ya yi. Akwai wani ƙaramin faranti da kyamara take zama a kai, dole ya tsaya a daidai wani gurbi, don idan ana juyawa tsakiyar madubin ta zauna a wuri ɗaya. Girgizar hanya ta kwance kusar, farantin ya zame baya. Idan ya zame, abin da ke kusa da abin da ke nesa sai su riƙa sauya wuri daga hoto zuwa hoto, kamar yadda yatsanka yake tsalle idan ka miƙa shi kana rufe ido ɗaya kana buɗe ɗaya. Manhajar ta rasa yadda za ta haɗa su, sai ta yanka ta liƙa. Na kafa taɓaryar Gwaggo a kusa, na saita ta da bakin ƙofar zaure, na yi ta matsar da farantin kaɗan-kaɗan ina juyawa, har taɓarya da ƙofa suka daina rabuwa. Na ɗaure kusar tamau.

Saura matsala biyu. Ta farko, ginshiƙan duk kamarsu ɗaya, launinsu ɗaya, manhajar ba ta bambance wannan da wancan. Tana buƙatar alamar da za ta gane a hotuna biyu masu maƙwabtaka. Ina faɗa wa Yaya Umaru haka, Gwaggo tana ji. Ta shiga ɗaki ta fito da tarin ɗankwalaye, ja da kore da ruwan ɗorawa da masu zanen tsuntsaye. Ta ce, "Babana, waɗannan ba mai kama da wani. Amma ko ɗaya ya ɓata, sai ka biya ni da na Kano." Ta biyu kuma, dole kowa ya tsaya cak yayin ɗauka.

Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, muka ɗaura wa kowane ginshiƙi ɗankwali a ƙasa, wurin gini ya koma kamar gidan biki. Shugaban ma'aikata ya hau kan tarin bulo ya yi shela da Fillanci, ya maimaita da Faransanci, ya rufe da Hausa: "Kowa ya sandare inda yake! Wanda ya motsa zai fito ba kai, matarsa ta gani!" Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mai shebur ya tsaya da shebur a sama, mai baro ya tsaya a sunkuye, mai sayar da kunu ta tsaya da ludayi a hannu. Shiru, sai ƙarar kyamarata. Na ɗauka a tsakiya, na ɗauka a kowace kusurwa, na hau kan katako na ɗauka daga sama. Da na ce an gama, sai wurin ya ɓarke da ihu da tafi kamar an ci ƙwallo.

Sai kuma kwamfuta ta ce ba ta san zance ba. Hotunan sun yi yawa, zafin Garwa ya taru da nata, ta kai rabi ta mutu. Na kunna, ta sake mutuwa. Na sa mata mafici, a banza. Yaya Umaru ya dube ni ya dube ta, ya ce in ɗauko ta mu tafi. Ya kai ni wurin wani amininsa mai fataucin kifi, wanda ake kawo wa kaya daga Maga da Tibati, yana da ɗakin sanyi. Mutumin ya ji bayani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba ni wata tsohuwar rigar sanyi mai ƙarnin kifi, ya sa mini kujera a ɗan zauren da ke gaban ɗakin ƙanƙarar. A garin da kowa ke neman inuwa, ni ina zaune tsakanin kwalayen tarwaɗa haƙorana suna kaɗawa. Kwamfuta kuwa ta samu abin da take so, ta yi ta aiki ba tari.

Da hoton ya fito na fara duba ginshiƙin tsakiya. A miƙe yake tun daga ƙasa har sama, ko tabon ɗinki babu. Na juya dama, na juya hagu, kowane lebura da kansa a wuyansa. Na fito da gudu ina kiran Yaya Umaru. Ya karɓa ya daɗe yana juyawa, sannan ya toshe hanci ya ce, "Aikin ya yi kyau, amma kai a bayan mota za ka zauna." Da na ji tsiya ta dawo bakinsa na san mun shirya.

Ranar Juma'a muka tafi gidan Alhaji Bawa. Ɗakin ya cika da manyan mahauta da dillalai, Alhaji Sali yana gaba. Dattijon yana jingine da matasai, dogon mutum wanda ciwo ya rage, hannun dama a kwance, amma idanunsa kamar na shaho. Muka durƙusa muka gaishe shi.

Ya ce, "Kai ne Bakanon da ya karya mana ginshiƙi?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Kuskuren na'urata ne, ba na gini ba. Na gyara. Ga shi ka duba da kanka, ba ni zan zaɓa maka inda za ka kalla ba."

Na ɗora masa babbar waya a cinya, na nuna masa yadda zai ja da yatsan hagu. Da farko ya ja da ƙarfi, ginin ya wulwula, ya ce, "A'uzubillahi." Sannan ya kama hannun abin. Ya bi ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai duba shanu a kara. Ya juya baya, inda ya ce masu hoto suna ɓoyewa, ya ga tarin yashi da mai kunu da ludayinta. Ya tambayi inda magudanar ruwan wanke nama za ta bi, Yaya Umaru ya matso ya nuna masa, dattijon ya ce a ƙara mata faɗi, Yaya ya ce an gama. Dattijon ya gane wani magini ya ce ɗan wane ne, ubansa ya yi masa aiki.

Alhaji Sali ya yi gyaran murya. "Baba, na'urar da ta yi ƙarya shekaranjiya, me zai hana ta yi yau?"

Dattijon bai ɗaga kai ba. "Sali, kai da kake da ƙafa, ka je ka dafa ginshiƙin da hannunka?"

"Ban dafa ba, Baba."

"To ni da ba ni da ita na zagaye wurin kaf. Gobe ka je ka dafa, in ya motsa ka dawo ka faɗa mini."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, shi ma Alhaji Sali ya murmusa ya sunkuyar da kai. Sai dattijon ya ja hoton sama, ya ga sararin da rufi zai rufe. A gefen gabas akwai wani ɗan gajimare da ya taso da safen da na yi ɗaukar, ni ko lura da shi ban yi ba. Ya kafa masa ido.

"Wannan ba hadari ba ne yake haɗuwa?"

Aka ce shi ne.

"To me kuke jira? Injiniya, ka rufa mana rumfa."

Yaya Umaru ya matso kusa. Sai ya kama hannun dattijon na hagu da hannu biyu ya riƙe. Mahautan nan suka taso suna ta miƙo mini hannu, wani ya ce da Fillanci wani da Hausa, ban san wanda zan fara amsawa ba. Da na zo karɓar wayar, Alhaji Bawa ya dafe ta ya ce a bar masa tukuna, bai gama yawo ba. Sai da muka zuba hoton a wayar 'yarsa sannan ya saki tawa.

Ranar da zan taso, na bi ta shantiye na tarar ana sauke ƙarafan rufi. Alhaji Sali yana wurin, ya je ya dafa ginshiƙin kamar yadda aka umarce shi, har ya sa kafaɗa ya tura. Shi ya kai ni tasha da kansa, ya cusa mini ƙunshin kilishi wanda ya ishe ni har Gombe ina rabo a mota. Nasiru kuwa na ba shi sakamakon gwaji a taƙaice: kaya suna da kyau, amma duk wanda zai saya a gaya masa ya duba kusar faranti bayan kowace tafiya, ya nemi alama idan bango ya yi kama da juna, kada kuma ya yarda kowa ya leƙa kafin shi ya gani. Ya yi odar.

Bayan ruwa ya sauka sosai, Yaya Umaru ya kira ni. Ya ce an gama rufi kafin ruwan farko, ko ɗigo bai taɓa cikin rumfar ba. Ranar buɗewa aka ɗauko Alhaji Bawa a kujera, karo na farko da ya fita daga gida tun da ya kwanta. Mutane suka yi caa, kowa yana so ya nuna masa nan ne kaza, can ne kaza. Ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da su.

"Ku kai ni tsakiya kawai," in ji shi. "Na san wurin. Na taɓa zuwa."